Loma a Gaban Suruki

Tun daga Bakori har bakin Kwara, abin da na sa a gaba guda ɗaya ne: kada mijin 'yata ya gan ni ina cin abinci. Mazan ayari suna ta zancen 'yan fashi da kuraye da ciwon jakuna. Ni wannan ne ya hana ni sakat.

Ba zan kama sunansa ba, ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Falke ne, yana kai kanwa da baƙaƙen zannuwan Maska ƙasar Yarabawa, ya komo da goro. Shi ya auri autata Delu, ya tafi da ita Ilori inda ya kafa gida. Da ta sami cikin fari, kamata ya yi ta zo gida goyon ciki kamar kowace 'ya, amma wannan hanya ba ta mai ciki ba ce. Sai aka ce ni in bi ayarinsa, in je in yi mata wankan jego. Na ɗaure gero da jar kanwa da kayan yaji na kunun mai jego, na ce ba mai taɓa su sai a Ilori, ko da ni ce.

A wurinmu suruka ba ta ci a gaban suruki, shi ma ba ya ci a gabanta. Ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. In sun yi kiciɓis a hanyar gona, ɗaya ya ratse cikin dawa. Haka na tashi na tarar, haka na riƙe, kuma ni ce mai ja wa matan unguwarmu kunne in na ga sun fara saki. Na haifa, na aurar, ba wanda ya taɓa ganina da ko ƙwayar gyaɗa a baki a kasuwar Bakori.

To, ladabinsa ne ya ɗaure ni. Ya ba ni jakin da ya fi lafiya, shi kuma yana biye a baya da sanda, ba ya wucewa, ba ya nisa. In aka sauka zango, bukkata ake fara kafawa, tasa a jikinta, don kada wani abu ya same ni. Ciyawa ce kawai tsakaninmu. Sai ya aiko mini da akushi, ya zauna a ƙofar tasa yana ɗinkin mangala. Ina jin shigar basillarsa, ina jin numfashinsa. Yadda nake jin nasa, haka zai ji taunata da haɗiyata. Sai in mayar da murfi, in ce a gaya masa na ƙoshi, Allah ya yi albarka.

Mai kai-kawon akushin nan Tasalla ce, matar wani mai koran jakuna da ake kira Tanko. Bamagujiya ce daga wajen Kafur, gajeriya, ƙaƙƙarfa kamar turmi, baki kuwa ba ya rufuwa. Ita ke dafa wa mutanen surukina.

"Iya, da me kika ƙoshi?" in ji ta. "Da warin jaki?"

"Ɗauki ki fita."

"Zan fita. Amma in kika faɗi a hanya, shi ɗin da kike ɓoye wa baki, shi zai saɓa ki a kafaɗa kamar buhun kanwa. Wanne ya fi?"

Na yi mata kallon da nake yi wa yara su watse. Ba ta watse ba. Maganar kuwa ta zauna mini, don tun hantsi nake ganin jakin da ke gabana ya zama biyu.

A zangon bayan ganuwar Zazzau na fara abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Akwai rumfunan mata masu tuwo-tuwo a can gefe, inda fatake da masu ɗaukar kaya ke ci. A garinmu ko hanyar irin wannan rumfa ba na bi. Na ɗauki buta kamar mai zagayawa, na ja mayafi har hanci, Tasalla ta biyo ni. Muka bi ta bayan rumfunan, wajen da suke zubar da toka.

Fura na fara saye, don ita ba ta son tauna. Mai furar ta ga baƙuwa, ta ga mai sauri, ta dama mini a tsaye. Kurɓa ɗaya na gane. A waje ne kawai aka mirgina ta cikin garin gero, cikinta dusa ce zalla. Nonon kuwa ruwa ne da garin 'ya'yan kuka, an ɗiga masa nono don ƙamshi. Duk da haka na shanye, ina durƙushe a bayan dangar mutane, ina waiwaye kamar akuyar da ta shiga gonar wani.

"Yaya, Iya?"

"Wannan furar, jaki ma sai ya yi shawara."

Ta yi dariya har ta riƙe danga.

Rumfa ta gaba tuwon dawa ne da miyar kuka, na wata doguwar mace mara fara'a. Tuwon ya tuƙu, ba gudaji, daddawar ta nuna, kuma ta san kanwa kaɗan ake sawa. Man shanu ne dai ta yi wa rowa, daga nesa ta nuna wa miyar shi. Na faɗa wa Tasalla haka. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Mace ta ci abinci ta gaya wa 'yar'uwarta mace yadda ta ji shi, ai a gida ma haka muke yi in an dawo daga biki.

Na komo da butata, na goge baki da gefen mayafi, na sake gogewa. Yana nan zaune da basillarsa, bai ɗaga kai ba. Na gode wa Allah.

Bayan Zazzau muka shiga ƙasar Gwari, duwatsu da kurmi, mata suna ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka. Nan harshe ya ƙare mini, ba mai ce maka sannu yadda za ka gane. Akwai zangon da muka sauka a daji, ba gari ba rumfa. Can na ɗaure cikina da ɗankwali, na kwanta kaina a kan buhun geron Delu, ina jin ƙamshinsa, ban kwance shi ba.

A wani ƙauye a gindin dutse, wata tsohuwa tana gasa doya a ƙarƙashin ɗorawa. Na tsaya nesa, in dubi rumfarta, in dubi zango. Ta dube ni, ta dubi inda nake duba. Ta kama gefen zanena ta ja ni bayan rumbunta, ta nuna mini kututture, ta kawo doya a ɓare da wani mai ja wur a sakaina. Sannan ta juya mini baya, ta tsaya ta tare hanyar kamar mai shan iska.

Na ce wa Tasalla, "Jini ne wannan?"

"Manja ne, Iya. Daga nan har Ilori shi za ki sha, gara ki saba."

Na dangwala da tsoro. Yana kama dasashi, yana da wani ƙamshi kamar ɗanyen itace, amma da gishiri da barkono sai ya shiga doyar nan ya zauna. Doyar ta gasu har ciki, ba ƙuna ba ɗanye, tana warwarewa a baki kamar gari. Na ce, "Matar nan ta san wuta." Nama ma ta miƙo, ban karɓa ba, don ban san wanda ya yanka ba. Ba ta ji haushi ba, ta jefa a bakinta.

A bayan rumbun nan ne gida ya faɗo mini. Rumbun nata bai yi kama da namu ba, amma warin tsohuwar dawa ɗaya ne. Na tuna yanzu ana can ana sussuka a gidanmu, an gama cirar auduga, 'yan matan Fulanin Ɗanja suna shigowa da nono mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Na tuna murhuna, da ɗakina mai ƙyaure, inda nake ci ni kaɗai, ba mai gani ba mai ji. Ga ni tsofai-tsofai a bayan rumbun wata, da mai a haɓa. Hawaye ya zo, na mayar da shi, don Tasalla tana kallo.

Da za mu tashi daga ƙauyen, na ga mazan ayari sun yi cincirindo a wurin tsohuwar nan, sauran masu doya kuwa suna korar ƙuda. Idona ba ya barin abu ya wuce. Na tuna a Zazzau ma, da za mu tashi, ba wanda ya leƙa mai furar nan.

"Tasalla, wa kike gaya wa maganata?"

"Ni? Tanko kaɗai. Mijina ne fa, Iya, da wa zan yi hira?"

"Shi kuma wa yake gaya wa?"

"Jakuna."

Na so in ja maganar, sai na ji tsoron inda za ta kai ni. Na bar ta. Na ce wa raina ai kowa yana da hanci.

Ƙasar Nufe ruwa ne ko'ina, fadama bayan fadama, ga sauro ko da rana. Abincinsu shinkafa da kifi. Tuwon shinkafarsu fari tas kamar sabuwar auduga, da daɗin haɗiya, amma ba ya zama a ciki. Ka ci da azahar, kafin la'asar ya yi sallama. Akwai wani da suke naɗewa a ganye, kafa, mai sanyi da tsami-tsami, na ce wannan abincin mara lafiya ne da wanda haƙoransa suka zube. Wata mai ƙosai ta soya nata da manja har ya yi ja, waje garas-garas, ciki kamar soso. Wannan na yaba, na ce ko a Bakori da ta yi kasuwa.

A bayan rumfar mai ƙosan nan ne na kusa mutuwa a tsaye. Na sa ƙosai a baki ke nan, sai na ji muryar surukina ta gaban rumfa, yana yi wa matar Nufanci. Zana ɗaya ce tsakaninmu, ita ma duk huji. Na daskare. Ƙosan yana ƙona mini harshe, ban tauna ba, ban tofar ba, har na ji takunsa ya yi nisa. Harshena ya yi kwanaki yana saɓa. Amma na tsira, ko kuwa haka na zata. Akushinsa yana zuwa yana komawa da murfinsa, shi ma bai fasa aikowa ba.

Sai muka iso garin fito a bakin Kwara. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ɗaya gaɓar sai ka ƙanƙance ido. Ayari ba ya ƙetarewa a yini ɗaya: kaya daban, jakuna daban, mutane daban, duk a jiragen masu fito. Aka fara da wasu kayan, aka ce mu sai gobe. Watan haihuwar Delu kuwa ya riga ya kama. Ina duban ruwan ina ji kamar in taka in wuce.

Rumfar da ta fi girma a bakin ruwan ta wata ƙatuwar Banufiya ce, kowa yana ce mata Nna. Tun hantsi maza suka cika ta. Na jira sai da rana ta karkata aka watse, sannan na bi ta baya da butata. Ta leƙo ta gan mu, ta koma, na ji tana kankarar tukunya. Ta miƙo tuwon shinkafa da ya sandare, da miyar kifi tsararo, manja yana yawo a kai ɗigo-ɗigo, kifin kuwa daga kai sai ƙaya. Tasalla ta miƙa mata kuɗin wuri, Nna ta ture hannunta. Na ce a raina ita ma ta san abin da ta ba mu.

Ina ci ina hangen wani mai fito yana kwarfe ruwa daga cikin jirginsa da ƙwarya.

"Kin ga ruwan can da yake kwarfewa?" na ce wa Tasalla. "Shi aka ɗumama mana."

Washegari da hantsi na ji zango ya yi wani irin shiru. An ɗaure kaya an kai bakin ruwa, amma ba jirgin da ya motsa. Masu fito suna zaune a kan jiragensu sun harɗe hannu. Sai ga Nna ta nufo zango, mata biyu a bayanta ɗauke da tukunya da ƙwaryar tuwo, tana tafe tana zuba Nufanci kamar ana sheƙa ruwan sama. Tasalla ta shigo bukkata. Ranar na fara ganin bakinta a rufe.

"Iya, Madugu yana kira."

"Ni? Me ya haɗa ni da Madugu?"

"Maganar ruwan jirgi ce. Ta fita."

Madugun ayarinmu dattijo ne mutumin Ƙanƙara, mai magana a hankali. Yana zaune a gindin wata bishiya, ayari kaf ya kewaye shi. Na zo na durƙusa a gefe, mayafi har hanci.

"Iya, sannu da hanya," in ji shi. "Wata 'yar magana ce. Kin san tun daga Zazzau yaran nan ba sa sayen abinci sai sun ji abin da kika ce."

Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Tun daga Zazzau! Wato duk zagayen da nake yi da buta, duk goge bakin nan, ayari yana zaune ne yana jira in dawo a ji labari. Har da shi ke nan, da basillarsa da kansa a sunkuye. Wani daga baya ya ce, "Wallahi ba ta taɓa kuskure ba, Madugu, ƙosan nan fa..." Aka ce masa ya rufe baki.

"To, jiya kin ce wani abu a kan miyar wannan baiwar Allah," Madugu ya ci gaba. "Yau ta dafa na ayari guda, ko mutum ɗaya bai je ba. Yaran kuma suka riƙa yi wa masu fito ba'a da maganar. Ita kuwa yayar babban mai fito ce. Sun ce tunda ruwan jirginsu ya zama abin dariya, mu nemi wani jirgin."

Nna ta sake ɓarkewa. Madugu ya waiwaya ya kira surukina da sunansa, ya ce ya zo ya yi tafinta, don ya daɗe yana bin hanyar nan, yana jin Nufanci kamar Hausa.

"Madugu, a yi mini afuwa, a nemi wani," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa? Ɗaya mai jin harshen yana ƙetare da kayan jiya. Ko ka fi so 'yan'uwanta su yi mana tafinta? Matso."

Ya matso. Ya tsaya ya ba ni baya, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki. Haka aka yi shari'ar: Nna ta faɗa masa, shi ya faɗa wa Tasalla, Tasalla ta faɗa mini, ko da yake kowace kalma tun daga bakinsa nake jin ta.

"A gaya wa Iya, ta ce ita gadon rumfar nan ta yi daga uwarta, ba a taɓa ce wa miyarsu ruwan jirgi ba."

"Ce masa ya ce mata," na ce wa Tasalla, "abin da aka ba ni na faɗa. Kifin ƙaya ne, miyar ruwa ce."

Ya juya mata. Na ji maganarsa ta fi tawa tsawo, na ga fuskar Nna ta ɗan saki.

"Tasalla, ce masa ban sa zuma ba. Ya faɗa yadda na faɗa."

Ya faɗa. Nna ta bugi cinya, ta nuna ni da yatsa, ta yi doguwar magana. Masu fiton da suka biyo ta suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ƙara jan amawali.

"Me ta ce?" in ji Madugu.

"Ba wani abu ba ne, Madugu."

"Abin da ya kayar da waɗancan da dariya ne ba wani abu ba? Faɗi."

Na ga gumi yana bin bayan wuyansa.

"Ta ce Iya ta zo ne bayan an kwashe tukunya. Ta ce ta bayan rumfa ta zo, wajen toka, inda karnuka ke jira. Ta zaci wata ce da yunwa ta koro, shi ya sa ta kankare ƙasan tukunya ta ƙara ruwa, don kada tsohuwa ta koma hannu wofi. Ta ce sadaka ta yi."

Tasalla ba ta maimaita wannan ba. Ta dubi yatsun ƙafarta. Shi ya ci gaba:

"Ta ce ga miyarta ta yau. Iya ta ci a gaban waɗanda suka ji zagin, ta faɗi abin da ta ji. In ruwan jirgi ne, ita da kanta za ta juye tukunyar a Kwara. In miya ce, a kwance jirage."

"Ce masa zan ci a bukka."

Nna ta girgiza kai tun kafin ya gama juya mata.

"Ta ce jiya a ɓoye aka ci, yau a sarari."

Na dubi ruwan. Delu tana can bayansa ita kaɗai cikin Yarabawa, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa. Wani wurin fiton kuma, in ji Madugu, yana da nisan da gara ba a faɗa ba. Na dubi bayan surukina. Da zan miƙa hannu, da na taɓa bakin rigarsa.

Na sauke mayafi daga hanci. Aka zuba mini ruwa na wanke hannu.

Tuwon yana tururi. Miyar ta yi kauri, ja, da gunduwa-gunduwar kifin da aka kamo da safen nan, an daka banda a ciki don ƙamshi, ga daddawarsu mai ƙarfi, barkono daidai. Na yanki loma. Zangon nan mai mutane da jakuna ya yi tsit, har ina jin ruwa yana bugun jirage. Na kai baki. Taunata ta cika mini kunne kamar ana daka. Ƙaya ta shiga tsakanin haƙorana, dole na sa yatsa na zaro ta a gaban jama'a. Manja ya gangaro mini har gwiwar hannu.

Loma ɗaya aka nema. Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma tun Bakori ban ci tuwo daga saman tukunya ba, kullum a gurguje, kullum ina waiwaye. Hannuna ya koma cikin akushin ban aike shi ba. Ya sake komawa. Ina ji ina gani na kasa tsayar da shi.

"Iya ta yaba!" wani mai jaki ya yi ihu. "Ku dubi hannu!"

Dariya ta tashi, ta Hausawa da ta Nufawa a haɗe. Wani ya ce a ƙaro mata. Wani ya ce a bar mata tukunyar a je a yi fito, a dawo a ɗauke ta. Nna ta riƙe ƙugu tana gyaɗa kai. Ni kuwa loma tana bakina, ba ta haɗiyuwa, ba ta tofuwa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Sai na ga ƙafafun surukina sun juyo.

Ya zo gaban tukunyar, ya sauke amawali, ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa. Ya ɗauki wani akushi ya miƙa wa Nna, ta zuba. Sannan ya tsuguna a gabana sosai, fuskarsa tana duban tawa, idonsa a ƙasa. Ya yi bisimilla, ya yanki wata ƙatuwar loma ya kai baki.

Dariyar ta yanke. Can sai ta dawo, amma duk a kansa.

"La ilaha illallahu! A gaban surukarka?"

"Kai wane, ba ka da ta ido?"

"A Ilori aka koya maka?"

"Yunwa nake ji," in ji shi, baki cike. Ya zaro ƙaya ya tsotse, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya har da ƙara, abin da na tabbata ko a ɗakinsa ba ya yi.

Ba wanda ya ƙara bi ta kaina. Na haɗiye lomar.

"To, Iya," in ji Madugu, yana danne dariya cikin gemu, "me za a ce wa baiwar Allah?"

Na mayar da mayafi. Na ce wa Tasalla, "Miya ce. Gishirin ya ɗan yi gaba, amma miya ce. Ta jiya kuma, Allah ya saka mata."

Ya juya mata. Ban sani ba ko ya kai maganar gishirin, wannan karon ban tambaya ba. Nna ta daka wa ƙanenta tsawa, aka kwance jirage. Kafin a gama loda jakuna, maza sun ga bayan tukunyar. Da zan shiga jirgi ta damƙa mini banda a ganye, ta shafa cikinta, ta nuna ƙetare. Wani ya gaya mata abin da zai kai ni.

Daga Kwara zuwa Ilori ban ƙara ɗaukar buta ba sai don abin da aka yi buta dominsa. In akushi ya zo, sai shi ya tashi ya tafi duba jakuna, ya daɗe. In ci a bukka. Tasalla ta tambaye ni yadda na ji amalar Yarabawa, baƙin tuwon nan na garin doya. Na ce ta je ta tambayi harshenta.

Labarin da ayari ya ɗauka nasa ne. Suka laƙaba masa suna, Yunwa-nake-ji, ya bi shi kasuwa-kasuwa, har fataken da ba su san ni ba suna kiransa da shi. Mutum mai gemu, mai jakuna, yara suna yi masa. Bai taɓa musawa ba. Ni kuma ban taɓa yi masa godiya ba, don in na gode, na yarda ke nan abin ya faru. Ban ƙara ganin bakinsa yana motsi ba, shi ma bai ƙara ganin nawa ba, har ya koma ga Allah.

Mun tarar da Delu ta yi nauyi, ba ta haihu ba tukuna. Ta sauka lafiya, namiji. Wata safiya ina yi mata wanka a bayan ɗaki, tukunya tana tafasa, ganye a hannuna, sai ta ce:

"Iya, wai me ya faru a bakin ruwa? Na ji mutanensa suna kiransa da wani suna."

"Tambayi mijinki."

"Na tambaye shi. Ya ce in tambaye ki."

Na tsoma ganyen a ruwa, na kaɗa.

"Juya bayanki," na ce. "Ruwan zai huce."